Kwali na Ɗari Uku da Sha Biyu

A Puerto Montt ruwan sama ba ya sallama.
Ya kwana yana dukan rufin sito,
ni kuma ina ciki, riga kan riga,
ina gadin injinan da ba su nemi mai gadi ba.

Shekara goma sha tara biro na bayan kunnena,
ina rubuta lambar kwali da yatsun da sanyi ya sandarar.
Yanzu kekunan ƙarfe ke yawo tsakanin kantoci,
ba direba, ba tari, ba ina kwana.
Kowanne da jan idonsa ɗaya.
Ya haska goshin kwali, ya san asalinsa kaf:
kejin da kifin ya girma a ruwan Calbuco,
ranar kamu, hannun da ya feɗe,
ɗakin hayaƙin da ya kyafe shi,
sanyin da ya sha a hanya, awa bayan awa.

Na tsane su, ban taɓa ɓoyewa ba.
Su suka cinye aikin Heriberto da na Ximena.
Abin da bai taɓa jin yunwa ba,
me ya sani game da abinci?

Ƙarfe biyu da kwata na daren Laraba
saƙo ya faɗo daga ɗakin gwaji:
akwai ƙwayar cuta a kyafaffen kifin ranar tara ga wata.
Kwali ɗari uku da sha biyu. A tsare duka.

Da zamanin biro ne,
kwana uku za mu yi muna tonon takardu,
kifi kuwa ya daɗe da hawa teburin mutane.
Sai kekunan suka juya lokaci guda
kamar an kira su da sunan yanka.
Minti goma sha ɗaya:
ɗari biyu da tamanin a kanta ta bakwai,
talatin da ɗaya a motar Baldomero, hanyar Osorno.
Waya ɗaya, ya taka birki a bakin titi,
yana zagin ruwa, yana zagina.

Saura ɗaya.

Allo ya yi jim, ƙiftawar ido, ya rubuta:
ya lotse a kusurwa, an ware shi,
an sayar wa ma'aikaci da rahusa,
ƙofa ta huɗu, jiya da asuba,
lambar kati…

Ban ƙarasa karantawa ba.
Katin na rataye a wuyana.

Rayen na kai wa. 'Yata.
Cikinta wata bakwai,
kwaɗayin kifi ya hana ta barci tun watan jiya.

Waya ta yi ƙara sau ɗaya.
Sau huɗu.
Sau tara, cikina ya ɗuri ruwa,
na ji sanyin ɗakin nan duka ya tattaru a tafin hannuna.

"Mama? Lafiya, da tsakar dare?"
"Kifin nan."
"Yana firji. Ko buɗewa ban yi ba.
Na ce sai Lahadi in kin zo, mu ci tare."

Na zauna a ƙasa, kan siminti mai raɓa.
Keke ɗaya ya taho da kayansa,
ya tarar na tare hanya, ya tsaya.
Bai yi ƙara ba. Bai kewaye ni ba.
Jan idonsa a kan takalmina, yana jira.

Ban ce masa na gode ba.
Heriberto har yau gyaran raga yake a Angelmó,
rabin kuɗin da yake samu a da.
Wannan bashin ba a biya shi ba tukuna.

Amma da gari ya waye, ruwa bai ɗauke ba,
na hau bas na je, na dawo
rungume da kwalin kamar jariri mai zazzaɓi.
Na ajiye shi a gaban idon nan da hannuna.
Ya haska.
Ɗari uku da sha biyu.