Kaushin Muryar Kawu

Unguwar Bagalam, ƙarfe biyun dare,
kuran ya dawo.
Na kunna na'urata mai layi huɗu.

Layin farko kalangu,
na biyu gurmin Kawu Cindo,
na uku muryarsa,
na huɗu 'yan amshi.
Da wani baƙo da ban gayyata ba:
injin niƙan Tsahara, ta bayan katanga,
yana gurnani a gindin waƙa.

Na murɗa maɓallin ƙasa,
gurnani ya kwanta kamar kare ya ga maigida.
A tsaka kalangu da gurmi na cinkoso,
fasinja biyu kan kabu-kabu ɗaya.
Na ɗebe wa kalangu kaɗan,
gurmi ya miƙe ƙafa.
Na taɓa sama, tsirkiya ta yi haske.

Sai murya.
Akwai kaushi cikinta,
na goro da taba da shekara saba'in.
Na laluba na same shi, na yanke.
Ta fito sumul,
kamar ta mai karanta labarai a rediyo.
Na saurara sau uku.
Ban san mutumin ba.

Wata biyar ke nan da muka kai Kawu makwanci.
Babu ɗauka ta biyu.

Na mayar da maɓalli inda na tarar da shi.
Kaushi ya dawo ya zauna kan tabarma,
ya yi gyaran murya kafin baiti.
Injin ma na bar masa ɗan wuri.
Ranar Tsahara na niƙan gero,
ranar Kawu na da rai.