Karkatar Bangon Baba

Kwali goma sha biyu na sayo,
tayil fari mai jijiyar toka,
don ɗakin Inna a Runjin Sambo.

Tsakiya ba ta ba mu wahala ba.
A gindin bango ne Nomau ya ja tef, ya sake ja,
ya zare fensir daga kunne:
"Wa ya gina wannan?"
Baba ne. Da ido ya auna, da igiyar guga.

Kowane tayil da tasa karkatar.
Inji na ihu,
ina tsiyaya ruwan buta a bakin ƙarfe,
farin kunu na bin yatsuna.
Huɗu suka tsage. Na biyar ya rama a kaina.
Kafin la'asar aka ɗauke wuta,
muka koma filaya, muna ɓantara kamar ƙuli-ƙuli.

Da muka gama, Inna ta taka da ƙafa ɗaya.
"Sanyi kamar gindin randa," in ji ta.
Ta jawo tsohuwar tabarmarta,
ta rufe aikinmu kaf,
sai siririn layin nan na gefe
inda hannun mijinta ke leƙowa.