Tsifa daga wutsiya

Ƙarfe goma na dare a Tawa,
wuta ta dawo, fanka ta farka da tari.
Ni da inji da rajistar manoman albasa,
layi dubu uku da ɗari shida
da Malam Arzika ya buga da yatsa ɗaya
kafin idonsa ya gaji.

Kowa da yadda ya shiga takarda:
Nomau, Galmi.
Tankari, ɗan Gado, mai jan raƙumi, Badagishiri.
Kuluwa, wadda ake kira Ta-Allah, Tamaske.
An ce in raba suna da gari.

Na fara ta gaba, kan waƙafin farko,
sai inji ya kafa gari mai suna "ɗan Gado",
ya kai Kuluwa zama a "wadda ake kira".
Na yi dariya ni kaɗai har shayi ya huce.

Sai na tuna Inna ran Alhamis,
kaina tsakanin gwiwoyinta, tsinke a hannu:
ba a tsifar kitso daga tushe, ƴar nan,
ta wutsiya ake kama shi.

Na juya wuƙar.
Fara daga dama, na ce wa inji,
yanka sau ɗaya tak, ka tsaya.
Abin da ke bayan waƙafin ƙarshe gari ne,
saura na mutum ne, bar masa kayansa,
uba da laƙabi da raƙumi.

Garuruwa suka zubo kamar gero daga bakin buhu,
Keita, Buza, Illela, Madawa,
har layi na dubu biyu da sha ɗaya
ya tsaya wa inji a maƙogwaro.
Biyu na nema, in ji shi, ɗaya na samu.

Mantau Agali.
Babu waƙafi, babu gari.
Ya bi sunan daga dama har hagu,
bai ga inda zai sa wuƙa ba,
ya miƙo mini shi ɗungum.

Ai na san shi.
Ina aji uku ya hau motar Abijan,
ya ce sai an cire albasa.
An cire sau goma sha tara.
Malam Arzika bai san garin da zai rubuta ba,
balle ni, mai ɗauke da sunan a bayan nawa.

Na ɗiga masa waƙafi da hannuna,
na bar fili a gabansa.
Ɗan sandan haske na ta ƙifta ido a wurin,
yana jira in buga wani abu.