Lamba Sha Bakwai

Da hantsi nake buɗe ɗakin,
kafin ranar Sakkwato ta dafa kwanon rufi.
Ɓeraye arba'in, farare fat, idanu jajur,
keji a hagu, keji a dama,
ni Hali, ni ne mai ciyarwa.

Na hagu: dusa, gero, garin waken suya, ruwa zalla.
Na dama ma haka,
sai dai kwalbarsu na shan sukari cokali shida,
yadda Dakta Modi ya rubuta da jan biro ya manna a bango.

An ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Nawa ba su taɓa sata ba.
Ni ke aunawa, ni ke zubawa,
har in girgiza kwalbar kada zaƙi ya kwanta ƙasa.

Akwai lamba sha bakwai, mai tsagaggen kunne.
Da jin takuna sai ya miƙe kan ƙafa biyu,
ya tsallake geronsa,
ya cafke bakin kwalba kamar jinjiri.
An hana mu shaƙuwa da su. Na shaƙu.

Mako takwas, sikeli ya ce ya yi ƙiba.
Gashinsa kuwa ya tashi kamar tsohuwar tabarma,
dusarsa ta kwana uku bai waiwaye ta ba.
Ran Laraba Dakta ya sa shi barci,
ya buɗe bakin a ƙarƙashin fitila, ya ce, zo ka gani.
Haƙoran gaba ruwan goro, lafiya lau,
su kullum tsiro suke.
Can ciki, a turamen tauna,
ramuka baƙaƙe, kamar gara ta samu azara.
Ya ce, waɗannan in sun tafi sun tafi.

Na rubuta a littafi:
dama, sha ɗaya cikin ashirin.
Hagu, ɗaya.

La'asar na hau babur,
na ƙetare gadar Kwalkwalawa, masu albasa na ban ruwa a fadama.
A Mabera na tsaya gaban mai tebur,
hannuna ya riga ni, har ya ɗauki alewa.

Dare uku ke nan Kulu na riƙe da kunci.
Shekararta shida.
Uwarta na cusa kanumfari a kogon,
kakarta ta ce tsutsa ce.
Na san tsutsar.
A aljihun rigata take zuwa gida, cikin leda mai ƙyalli,
ana yi mata oyoyo a zaure.

Na ajiye alewar. Na sayi gyaɗa da karas.
Kulu ta duba tafina, ta dubi idona,
ta ce, Baba, wagga ba tsaraba ta ba,
ta juya wa bango fuska.

Da safe kejin sha bakwai wayam,
kwalba rabi, tana ɗiga a hankali.
Na wanke ta sau biyu.
Na fita wurin mai shayi a bakin get,
ya ɗaga gwangwani ya ce, cokali nawa?
Huɗu ta fito
kafin in kama bakina.