Awon Tafin Hannu

A Kasuwar Barci na saye ta,
mai ita ya ce tun mulkin soja take cikin akwati.
Ƙarfe ce zalla, da nauyin dutsen guga,
ga wata 'yar allura a cikin idonta
da ke karkarwa kamar mai masassara
duk sa'ad da ta hangi haske.

Ranar Laraba na kai ta Kakuri, bayan la'asar,
an ɗauke ruwa, rana ta dawo da gardama.
Kawu Barau na zaune a bakin shago,
kan keken ɗinki a cinyarsa, an farke masa ciki,
shi da ya yi shekara ashirin da uku a masaƙa
kafin a garƙama wa ƙofarta kwaɗo.
Na shige ciki, na juyo na fuskance shi.
Bayansa titi ne, jiƙaƙƙe, yana ƙyalli,
kwanon rufin maƙwabta na kashe ido.

Allura ta yi tsalle sama.
Ta ce haske ya yi yawa, tsuke ido, tsuke.
Ba ƙarya take ba, titi take kallo.
Ita ba ta san Kawu ba.
In na bi ta, zai fito baƙi ƙirin
kamar wanda aka yanko da almakashi.

Sai maganar Baba Dogara ta faɗo mini,
mai hoton nan na Sabon Tasha
da ya ɗauki iyayenmu da wando mai faɗin ƙafa:
"Yaro, allura akuya ce,
inda ta ga ɗanyen ganye nan take nufa.
Kai tafinka cikin inuwar da mutumin yake,
auna shi, ka ƙara buɗe ido taki ɗaya.
Tafi ba ya sauya launi don rana ta fusata."

Na matsa, na ɗaga hannu dab da kuncin Kawu.
Ya ce, "Mari za ka yi, ko tofi?"
Allura ta sauko sannu, ta nutsu.
Ido a kan huɗu. Ƙyaftawa ɗaya bisa sittin.
Saura hoto biyu a fim,
fim ɗin da ya cinye kuɗin cefanen mako.
Na manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
na haɗiye numfashi.
Ƙyas.

Ya ce, "Mu gani."
Na juya masa bayanta, baƙar fata kawai.
Ya ce, "Au, har yau ana jiran wanki?"

Mako uku fim ya yi tsakanin nan da Legas.

Titi ya ƙone fari fat.
Babu kwalta, babu kwano, babu mai gasa masara,
Kakuri duka ta narke.
Amma ga Kawu,
furfura ɗaya bayan ɗaya,
baƙin mai a ƙarƙashin farce,
tabon da injin masaƙa ya bar masa a yatsa,
har da guntun zaren da ya maƙale a leɓensa
wanda ban gani ba a ranar.

Ya kai hoton bakin ƙofa, ya daɗe.
Ya ce, "To, ina garin?"
Na ce fim ɗin ba ya iya ɗaukar ku biyu,
dole na zaɓa.
Bai tanka ba.
Ya soke shi da allura a jikin kalandar bara,
ya ce in miƙo masa kwalbar mai.