Katin Baba

Tun kafin asuba muka bar Agege,
danfo na tari, Baba na gyangyaɗi,
katinsa a aljihu ya yi laushi
kamar tsohuwar naira hamsin.

Mu ne na arba'in da bakwai.
Matar da ta riga mu shiga ta daɗe,
muna jiyo dariyarta ta bayan ƙofa,
ita da likita, da harshen gidansu.
Har amala ya auna mata da dunƙulen hannu.

Mu minti uku.
"Malam," ya ce, bai ɗago ba.
Jatau ne sunansa. Yana jikin katin.

Ya jero abincin da za a bari,
ba ko ɗaya da ke shiga tukunyarmu.
Bai tambayi shayin safe mai cokali huɗu ba,
ko furar da ke riƙe Baba a Mil Tuwal
daga saukar albasa har la'asar sakaliya.

An ce sau biyu, bayan abinci.
Baba sau ɗaya yake ci.
Da wuƙar sana'a yake tsaga ƙwayar,
rabi yau, rabi gobe,
ko ta ga ƙarshen wata.
Allura na son sanyi, wuta ta tafi tun Talata,
Inna ta naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma
ta kwantar gindin randa.

Na karanta rubutun likita a juye:
mara lafiya ba ya bin ƙa'ida.
"Tasalla, me ya sa?"
Na ce, "Ya ce kana ƙoƙari."
Allah ya yafe wa tafinta.

A bakin ƙofa wata nas ta tsaya,
Sista Abeke, haihuwar Tudun Wadar Zariya.
"Sannu Baba, yaya ƙarfin jiki?"
Sai na ga ya miƙe kamar dawa ta sha ruwa.
Ya cire takalmi da kansa.
Wata uku, in ji shi, babban yatsan nan
bai san zafi ba, bai san ƙasa ba.
Ko mu bai faɗa wa ba.

Ta durƙusa ta duba, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta zana masa rana da wata a bayan kwali,
ƙwaya ɗaya ƙarƙashin kowanne.

Ranar Alhamis kaɗai take wannan sashe.
Mu Litinin aka rubuta mana.