Butar Ɗaki na Huɗu

Ni ce mai goge daɓe a asibitin Sinnar,
shekara goma sha ɗaya da tsumma da bokiti.
Ba a kiran sunana a zagayen safe,
amma kowane gado na san kukan ƙafarsa.

Ran Laraba aka kawo Ya'u daga Mai Wurno,
masunci, rigarsa tana ƙarnin kogi.
Ƙugiya ta shige tafinsa kwana shida da suka wuce,
ya zare da kansa, ya ɗaure da gefen rawani,
ya koma jirgi, don kifi ba ya jiran mai ciwo.
Aka wanke, aka ɗinke, aka ce gobe sai gida.

Tsakar dare wuta ta ɗauke.
Ina jan tsumma a ƙarƙashin gadonsa
na ji numfashinsa yana sassarfa
kamar ɗan akuyar da aka koro daga gonar riɗi.
Ya kira ni da sunan uwarsa,
ya ce in ɗaure jirgin, ruwa zai tafi da shi.
Goshi garwashi, yatsun ƙafa ƙanƙara,
robar fitsarin da aka rataya tun la'asar
ko cikin cokali ba ta tara ba.

Na taɓa ganin wannan.
A jikin Sakina na gani, ƙanwata, kwana uku da haihuwa,
muka ce gajiya ce, a bar ta ta huta.
Ta huta. Ni na yaye ɗanta.

Na saki bokiti, na ruga da silifa ɗaya.
Sista Batula na gyangyaɗi a kan littafin magani.
Na ce, tashi, ɗaki na huɗu, dafi ya shiga jini.
Ba ta tambaye ni inda na yi karatu ba,
Allah ya saka mata da wannan.

Na riƙe fitilar waya, ta ƙirga numfashi,
ta gwada jini, ta ga ya yi ƙasa,
ta aika a kira likita.
Ya zo da gudu, yaro ne, gemu bai cika ba,
daga kan wata ƙafa mai ruɓa yake,
ya miƙa hannu zai kwance ciwon Ya'u.

Famfo ya ƙafe tun azahar.
Na sha gabansa da buta da guntun sabulu.
Ban ce uffan ba, gwiwata na rawa.
Ya dube ni, ya dubi tafinsa,
ya sunkuya kamar mai shirin alwala.
Na zuba. Ya cuɗa tsakanin yatsu,
bayan hannu, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu,
ruwan na sauka a tasa, baƙi-baƙi.

Aka ɗebi jini don awo,
aka ɗaura ruwa, leda na bin leda,
allurar kashe ƙwayar cuta ta shiga jijiya
kafin dogon hannun agogo ya gama kewayo.
Aka farke ɗinkin, mugunya ta fito,
ni na kwashe, na ƙone audugar a bayan katanga.

Da ladanin kasuwa ya ɗaga murya
na leƙa robar nan.
Ɗigo. Can wani ɗigo. Rawaya kamar shayi marar madara.
Ban taɓa zaton zan yi hamdala saboda fitsari ba.

Kwana tara ya yi. Ya tafi da yatsunsa biyar,
bai san ya taɓa kira na Inna ba.
Bayan sati uku ya aiko da kifi a kwando,
wai a ba likita.
Likita ya raba, ya miƙo mini mai ƙwai.

Yanzu akwai buta a bakin kowane ɗaki.
Ba wanda ya rubuta dokar a bango.
Ni nake cika su kafin gari ya waye,
in na zo ta huɗu nakan daɗe,
ina kiran sunan Sakina a hankali
har ruwa ya kai wuya.